Fina-finan da ba su da jarumi: Masu adana rayuwar yau da kullum da kyamarar gida

A watan Agusta na shekarar 1971, wani mutum mai shekara 48 ya sauka a ƙauyen Semeniskiai da ke arewacin ƙasar Lituwaniya, rataye da ƙaramar kyamara. Rabonsa da ƙauyen shekara 27, tun lokacin da yaƙin duniya na biyu ya raba shi da gida. Mahaifiyarsa na nan da ranta, ta tsufa, ta sha jira. Abin da ya ɗauka a 'yan kwanakin da ya yi a can bai wuce abin da kowane ɗa zai tarar ba idan ya koma garinsu: tsohuwa tana girki a waje, ruwan rijiyar gidan, 'yan'uwa suna raha a gona, abinci a kan tebur. Hoton yana rawa, wani wurin haske ya yi masa yawa, wani wurin ya dushe. Da ƙwararren mai ɗaukar hoto ne ya kai wa ubangidansa irin wannan aiki, da a ranar za a sallame shi. Amma a shekarar 2006, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya wannan fim cikin jerin fina-finan da ƙasar ta ɗauki nauyin adanawa saboda muhimmancinsu.

Sunan mutumin Jonas Mekas, sunan fim ɗin kuma Reminiscences of a Journey to Lithuania, wato tuna baya kan wata tafiya zuwa Lituwaniya. Mekas ɗaya ne daga cikin wani rukuni na masu shirya fim da ba kasafai ake jin sunansu ba, ko da a ƙasashensu. Ba su da furodusa, ba su da jarumi ko jaruma, galibi ma ba su da rubutaccen labari. Mutum ɗaya ne da kyamara ɗaya, yana ɗaukar abin da ke gabansa: iyalinsa, ɗakin girkinsa, titin unguwarsu, jinyarsa, tsufan iyayensa. Wasu sun shafe shekara goma suna ɗauka, wasu talatin. Masu kallonsu 'yan ƙalilan ne, kuma da wuya a ga aikinsu a gidan silima na kasuwa. Duk da haka jami'o'i da ma'adanun fina-finai suna kashe kuɗi wajen adana abin da suka bari, domin sun riƙe abin da kyamarar hukuma da ta kasuwa suka saba tsallakewa, wato ranakun da babu biki a cikinsu.

Wanda ake kallo a gida da wanda ake ɗauka a gida

Ya kamata a raba zare da abawa tun daga farko. A Najeriya, idan aka haɗa kalmar fim da kalmar gida, hankali kan tafi ga fina-finan kaset da suka soma da Turmin Danya a Kano a 1990 da Living in Bondage a kudu a 1992. Waɗannan an danganta su da gida ne saboda a falo ake kallonsu, amma shirye-shirye ne na kasuwa, da labari da 'yan wasa da mai zuba jari. Waɗanda muke magana a kansu gidan ne wurin ɗaukarsu, mutanen gidan ne kuma ke cikinsu, kowa da sunansa na gaskiya.

Irin wannan ɗauka ta girmi masana'antar fim kanta. A ranar 28 ga Disamba, 1895, lokacin da Auguste da Louis Lumière suka haska gajerun fina-finai goma ga masu biyan kuɗi a wani ɗaki na Grand Café da ke birnin Paris, ɗaya daga cikinsu hoton Auguste ne da matarsa suna ba jaririyarsu abinci a farfajiyar gida. Bai kai minti ɗaya ba. Masu tarihin silima sun sha ruwaito cewa abin da ya fi ɗaukar hankalin wasu 'yan kallo a lokacin shi ne ganyayen da iska ke kaɗawa a bayan iyalin, abin da babu wanda ya tsara shi.

Abin da ya mayar da wannan ɗauka aikin da talaka zai iya shi ne araha. Kamfanin Kodak ya fito da zaren fim mai faɗin milimita 16 a 1923, mai milimita 8 a 1932, sannan a 1965 ya fito da Super 8, wanda ke zuwa cikin ƙaramin akwatin roba da ake zurawa a kyamara ba tare da wata ƙwarewa ba. Akwati ɗaya ƙafa 50 ne, abin da ke ba da minti uku da 'yan sakan. Iyalai da yawa a Amurka da Turai da Japan sun yi amfani da shi wajen ɗaukar bukukuwa da tafiye-tafiyen hutu, su kalla sau ɗaya ko biyu, su jefa a kabad. 'Yan kaɗan ne suka ɗauki kayan aikin da muhimmanci, suka ce wannan ma hanya ce ta faɗin gaskiyar rayuwa.

Ɗan gudun hijira da kyamarar rance

An haifi Mekas a 1922 a gidan manoma. A 1944 shi da ƙanensa Adolfas suka bar Lituwaniya, aka tare su a hanya, aka tsare su a sansanin aikin tilas na 'yan Nazi da ke Elmshorn kusa da Hamburg. Bayan yaƙi suka shafe shekaru a sansanonin waɗanda suka rasa matsuguni a Jamus, kafin a ƙarshen 1949 su isa birnin New York. Jim kaɗan bayan saukarsu, Mekas ya ranci kuɗi ya sayi kyamara ƙirar Bolex. Bai iya Turanci sosai ba, aikin leburanci yake yi a masana'antu, amma ya soma ɗaukar 'yan ƙasarsu da ke gudun hijira: tarukansu, bukukuwan sunansu, zaman kaɗaici a lambunan birni. Waɗannan hotuna sun zauna sama da shekara ashirin kafin ya haɗa su a fim ɗin Lost, Lost, Lost a 1976.

Salon da aka san shi da shi daga jikin kyamarar ya fito. Bolex ba ta da batir, murɗa ta ake yi kamar tsohon agogon tebur, kuma murɗi ɗaya ba ya wuce sakan 30. Naɗin fim mai ƙafa 100 ba ya kai minti uku, ga tsadar saye, ga tsadar wanki. Wanda ke aiki da rana yana ɗauka a hanyar komawa gida ba shi da halin barin kyamara ta yi ta gudu. Sai Mekas ya koyi latsawa da saki, sakan biyu a nan, hoto ɗaya-ɗaya a can, ta yadda yini guda kan wuce a gaban mai kallo cikin walƙiya. Idan ya zo haɗawa, sai ya ɗora muryarsa, da ƙarar jirgin ƙasa na birni, da 'yan rubuce-rubucen da ya buga da tafireta. Fim ɗinsa Walden, na 1969, awa uku ne na irin wannan.

Mafi girman aikinsa ya fito a shekarar 2000, mai dogon suna da ke farawa da As I Was Moving Ahead, tsawonsa minti 288, wato kusan awa biyar. Hotunan kimanin shekara 30 ne na matarsa da 'ya'yansa biyu: wankan jariri, tatata, dusar ƙanƙara a taga, cin abinci a kan ciyawa. Shi da kansa ya bayyana a cikin fim ɗin cewa bai bi tsarin shekaru ba, yadda hannunsa ya kai kan naɗin fim a kanta haka ya jera su, kuma ya gargaɗi mai kallo cewa babu wani abin a zo a gani da zai faru. Mai haƙurin zama zai lura da abin da ke faruwa a hankali: jaririyar da aka gani a farko ta zama budurwa, abokan da ke dariya a tebur wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, muryar da ke magana kuma ta tsoho ce mai shekara kusan 80, zaune shi kaɗai cikin dare yana duba abin da ya wuce. Mekas ya rasu a watan Janairu na 2019 yana da shekara 96.

Mata uku da abin da ke bayan ƙofa

Da yawa daga cikin ayyukan da suka fi ƙarfi a wannan fanni mata ne suka yi su, wataƙila saboda ɗakin girki da jinya da renon tsofaffi, waɗanda silimar kasuwa ta ɗauka ba labari ba ne, su ne wuraren da aka bar musu.

Anne Charlotte Robertson, 'yar jihar Massachusetts a Amurka, ta soma ɗaukar kanta da Super 8 a watan Nuwamba na 1981. Ta sa wa aikin suna Five Year Diary, da niyyar kundin shekara biyar, amma bai tsaya ba sai 1997, bayan ya haura naɗi 80 da sama da awa 30. A ciki akwai lambunta na kayan miya, kyanwoyinta, faman rage ƙiba, rashin aikin yi, da lalurar taɓin hankali da ta sha kwantar da ita a asibiti. Akwai magungunan da take sha da yadda suke sauya mata jiki. Akwai naɗin da ta keɓe wa rasuwar 'yar 'yar'uwarta mai shekara uku. Idan tana haska fim ɗin takan tsaya a gefe tana magana a kan hoton, ga muryar da ke jikin fim ɗin, ga wata a kaset, har mai kallo ya ɗanɗani yadda tunani ke cunkushewa a kan marar lafiya. Likitoci suna da fayil ɗinta, amma wannan shi ne bayanin da ita ta bayar da bakinta. Ta rasu a 2012, ayyukanta kuma suna ma'adanar fina-finai ta Jami'ar Harvard.

Naomi Kawase, 'yar garin Nara a Japan, 'yar riƙo ce. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, wata tsohuwa cikin dangi, sa'ar kakarta, ta ɗauke ta ta rene ta. A 1992 ta yi gajeren fim kan neman mahaifinta, a 1994 kuma ta yi Katatsumori, minti 40 na tsohuwar nan tana shuka wake a bayan gida, tana cin abinci, tana mita da dariya. Kyamarar takan matsa har fuskar ta cika hoton, wani lokaci kuma sai a ga hannun Kawase ya fito daga bayan kyamara ya shafa kumatun tsohuwar. A makarantar koyon fim kuskure ne mai ɗauka ya shiga hoto. A nan shi ne abin da ya fi tsaya wa mai kallo a rai, domin yarinya ce da ta san wadda ta rene ta ba za ta dawwama ba. Shekara uku bayan haka, a 1997, Kawase ta lashe kyautar fim ɗin farko a bikin Cannes tana da shekara 27.

Chantal Akerman, 'yar Beljiyam, ta fi su suna, musamman tun da masu sharhi suka zaɓi fim ɗinta Jeanne Dielman a matsayin wanda ya fi kowane fim a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta 2022. Amma akwai ayyukanta biyu da suka shiga wannan layi. A News from Home, ta ɗauki titunan New York da jiragen ƙarƙashin ƙasa, tana karanta wasiƙun da mahaifiyarta ta riƙa aiko mata daga Brussels a farkon shekarun 1970: wane ba shi da lafiya, wance za ta yi aure, mun aiko miki da kuɗi, me ya sa ba ki rubuto ba. Sau da yawa ƙarar motoci kan danne muryar, kamar yadda birni ke danne kiran gida. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin kiran mahaifiyarsa yana tsakiyar taro ya ce zai kira daga baya, ya san wannan ƙara.

Kusan shekara 40 bayan haka ta yi No Home Movie, inda ta ajiye ƙaramar kyamara a ɗakin mahaifiyar, ta ɗauki hirarsu a teburin girki da ta Skype. Mahaifiyar ta tsira daga sansanin Auschwitz, kuma ba ta cika son maganar ba. 'Yar takan zagayo kusa da batun, uwar ta kauce, su koma maganar dankali. A hankali tsohuwar ta rage magana, ta rage ci, barci ya yi yawa, daga ƙarshe ɗakunan suka zama wayam. Uwar ta rasu a 2014. An nuna fim ɗin a bikin Locarno a watan Agusta na 2015, Akerman kuma ta rasu a watan Oktoba na wannan shekara.

Ranar da fim ɗin gida ya zama shaida

Akwai lokacin da ɗaukar rayuwar yau da kullum ke zama abin da hukuma ba ta so. Bayan harin Pearl Harbor, gwamnatin Amurka ta kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu 'yan ƙasa, ta tsare su a sansanoni daga 1942. An hana su riƙe kyamara. Dave Tatsuno, ɗan kasuwa daga San Francisco da aka tsare a sansanin Topaz cikin hamadar Utah, ya samu wani jami'in sansanin ya taimaka aka shigo masa da tasa mai milimita 8. Abin da ya ɗauka a ɓoye har zuwa 1945 shi ne iyalai a ƙofar ɗakunan katako, masu fitowa daga coci, guguwar ƙura, wata yarinya tana zamiya a kan ƙanƙara. A 1996 aka sanya fim ɗin cikin jerin nan na Laburaren Majalisa. Shi ne fim ɗin gida na biyu da ya shiga, bayan hoton kisan Shugaba John F. Kennedy da Abraham Zapruder ya ɗauka a 1963.

Gwamnati ma ta ɗauki nata hotunan sansanonin, da nufin nuna wa duniya cewa komai lafiya. Na Tatsuno ya bambanta ne saboda wanda ke bayan kyamarar yana cikin waya tare da waɗanda yake ɗauka.

A Afirka ma akwai masu kusanci da wannan salo. Safi Faye ta Senegal ta koma ƙauyensu Fad'jal ta yi Kaddu Beykat a 1975, baƙi da fari, da danginta da maƙwabta a matsayin kansu. Ta tsara shi kamar wasiƙa daga ƙauye: shara da safe, noma, hira a gindin bishiya, da kukan manoma kan yadda dogaro da gyaɗa kaɗai ya jefa su cikin bashi. Hukumomin Senegal suka hana nuna shi. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi kuwa, a Bye Bye Africa na 1999, ya fito a matsayin kansa, mai shirya fim da ya dawo Injamena daga Faransa da kyamarar bidiyo a hannu, yana zagaya gidajen silimar da suka mutu. Ya gauraya gaskiya da ƙirƙira, amma idon na mai ɗaukar garinsu ne.

Abin da kyamara ke bari a waje

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma kuskure ne a ɗauka duk abin da aka gani a irin waɗannan fina-finai shi ne dukan gaskiya. Mutanen Topaz suna murmushi a hoton Tatsuno, domin haka ɗan Adam yake idan ɗan'uwansa ya nuna masa kyamara, kuma Tatsuno da kansa ya yi nuni da cewa hotunan ba su kama tsoro da ɓacin ran da ke cikin zukata ba. Mai ɗauka yana zaɓen lokacin latsawa, yana kuma zaɓen abin da zai zubar.

Mekas ma bai tsira daga wannan tambaya ba. A 2018 wani masanin tarihi, Michael Casper, ya wallafa maƙala a mujallar New York Review of Books yana cewa Mekas ya rage wasu abubuwa a labarin da yake bayarwa na shekarun mamayar 'yan Nazi, musamman aikinsa a jaridun da suka riƙa buga farfagandar ƙin Yahudawa. Casper bai ce Mekas ya rubuta irin wannan da hannunsa ba, kuma abokan Mekas sun tashi sun kare shi. Muhawarar dai ta tuna wa masu kallo cewa kundin rayuwa shaidar mutum ɗaya ce a kan kansa, ana karɓarta ne tare da sauran shaidu.

Tambaya ta biyu ita ce ta izini. Matar aure da yaro da tsohuwa marar lafiya ba su sa hannu a wata takarda ba. Ed Pincus, wani Ba'amurke da ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa da rikicin aurensu tsakanin 1971 da 1976, ya ɗaura wa kansa sharaɗin jinkirta fitar da fim ɗin na wasu shekaru domin zafin abin ya huce, bai fito ba sai farkon shekarun 1980. Jonathan Caouette, wanda ya soma ɗaukar gidansu yana da shekara 11, ya haɗa Tarnation a 2003 da manhajar iMovie a kan dala 218 da 'yan sulalla, fim ɗin ya je bukukuwan Sundance da Cannes a 2004. An yaba masa ƙwarai, amma wasu masu sharhi sun tambaya ko mahaifiyarsa, wadda ke fama da taɓin hankali, tana cikin halin da za ta amince a nuna ta haka. A al'ummar da ta san darajar kunya da sirrin cikin gida, wannan tambaya ta fi nauyi, kuma babu wata kyamara da za ta amsa ta a madadin mai riƙe da ita.

Dalilin da ba a san su ba

Tsawo na daga cikin dalilan. Babu gidan silimar da zai sayar da tikitin fim mai awa biyar da ba shi da jarumi. Akwai kuma kuɗin haƙƙin mallaka: Tarnation da aka haɗa da dala 218 sai da aka kashe ɗaruruwan dubban daloli wajen biyan haƙƙin waƙoƙi da gyaran sauti kafin ya shiga kasuwa. Saboda haka masu wannan aiki suka gina hanyoyinsu. A farkon shekarun 1960 Mekas da abokansa suka kafa Film-Makers' Cooperative, ƙungiyar haɗin gwiwa da ke karɓar fim ɗin kowa ba tare da tantancewa ba, tana ba da hayarsa ga makarantu da ƙungiyoyi. A 1970 suka buɗe Anthology Film Archives a New York, ma'adana da ɗakin kallo da ke aiki har yau.

Babban dalilin shi ne rauni. Galibin fina-finan gida, zaren da ya zagaya cikin kyamara shi ne ake wankewa a haska a majigi, babu kwafi na biyu. Duk haskawa tana ƙara masa ƙarzuwa. Idan zafi da laima suka same shi, sai ya soma wani wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe. Kaset ɗin bidiyo ma yana dushewa, na'urar kunna shi kuma ta zama abin nema. Tun 2003 wasu masu aikin adana fina-finai suka ware rana guda a shekara, Home Movie Day, inda jama'a ke kawo tsofaffin naɗin fim na gidajensu a duba musu lafiyarsu, a haska wa maƙwabta.

Mu ma mun san wannan rauni. Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana ɗaukar ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi a ma'adanar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Idan fim mai wannan daraja zai iya shafe shekaru a ɓoye, sai a auna makomar kaset ɗin da wani ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka a gidansa na Nyanya ko Kubwa a shekarun da suka biyo bayan dawo da babban birni Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991. Hotunan yanke kyalle da rantsar da shugabanni suna nan a ajiye. Yadda ma'aikatan farko suka yi layin motar ofis, da yadda unguwannin suke kafin gine-gine su cinye su, in akwai hotonsu, yana cikin kwalin wani a saman kabad.

Kyamara a kowane aljihu

Yau abin da Mekas ya ci bashi ya saya yana aljihun kowa, kuma ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Amma yawan ɗauka bai zama yawan adanawa ba. Ni kaina na koyi wannan da tsada. Shekaru kaɗan da suka wuce, a wata ziyarar sallah, na ɗauki kakata minti uku tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, tana ba da labarin wata shekarar yunwa da ta gani tana yarinya. Da ta lura da wayar sai ta ɗago ta ce, "Wai me ake ɗauka a nan? Ɓarar gyaɗa ce ba a taɓa gani ba?" Aka yi dariya, na kashe. Bayan wata biyu aka zare wayar daga aljihuna a tashar mota. Bidiyon bikin da muka je a wannan tafiya yana wayar mutum goma cikin dangi, domin kowa ya tura wa kowa. Na ɓarar gyaɗar kwafi ɗaya ne, ban tura wa kowa ba saboda ban ɗauke shi abin turawa ba. Kakar ta rasu a shekarar da ta biyo.

Abin da ya raba Mekas da Robertson da Kawase da sauran masu kyamara shi ne aikin da suka yi bayan ɗauka. Sun koma sun kalla, sun zaɓa, sun jera, sun rubuta rana da wuri da sunan wanda ke cikin hoto, sun kuma nemi inda za a ajiye. Masu aikin adana fina-finai ba su ba da shawarar da ta wuce wannan ba: a nemi yardar wanda za a ɗauka, a sa wa kowane faifai suna da kwanan wata, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a riƙa sauya masa mazauni kafin na'urar ta tsufa. Ma'aikacin da ya san abin da ɓatan fayil ɗaya ke jawowa a ofis ba ya bukatar dogon bayani a kan haka.

Ga mai son ganin irin waɗannan ayyuka, Reminiscences of a Journey to Lithuania bai kai awa ɗaya da rabi ba, Katatsumori kuma minti 40 ne, su ne mafi sauƙin farawa. Mintunan farko za su yi kama da ɓata lokaci, ido zai yi ta neman labari bai samu ba. Daga nan sai mahaifiyar Mekas ta fito daga ɗaki da ɗankwali a kanta, ta sunkuya a kan wuta, ba ta ko kula da kyamarar ba.